Jinyar Tsohon Kare

Duk cikin dabbobin da Allah Ya haɗa zamansu da Bahaushe, da wuya a sami wadda harshenmu ya yi wa riƙon sakainar kashi kamar kare. Doki yana da kirari, raƙumi yana da kwarjini, ko jakin da ake jibga ma ana yaba masa haƙuri. Amma idan aka tashi yi wa mutum zagi mai zafi, sunan kare ake arowa. Yaron da ke bin direba yana ɗaure kaya, karen mota aka ce da shi. Wanda wani babba ke turawa ya yi masa ɓarna, karen farauta ne. In ana zargin mutum da mugun nufi, a ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. In mai hassada ya rasa yadda zai yi, a ce kare ka mutu da haushin kura. In zamani ya zo da sabuwar dabara, a ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mai karatu zai lura cewa karen da ke cikin waɗannan maganganu duka mai jini a jika ne, yana gudu, yana haushi, yana kamu. Harshen ya san kare ne a lokacin da yake da amfani ko yake da illa. Ranar da ƙafafunsa suka gaza, haƙoransa suka zube, sai magana ta ɗauke, kamar dai karnuka ba sa tsufa.

Alhali kuwa suna tsufa. Karen gida yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, wani ya ɗara haka, kuma ƙarshen rayuwarsa yakan zo da irin abubuwan da ke zo wa ɗan'adam: ciwon gaɓoɓi, da yanar ido, da kurumta, da ciwon ƙoda. Abin da ya sa ba mu cika ganin tsohon kare ba shi ne kaɗan ne daga cikinsu ake bari su kai wannan matsayi. Na san haka ne domin na yi jinyar ɗaya daga cikinsu har tsawon shekara biyu da wata bakwai, daga damunar 2019 zuwa hunturun 2022, a birnin Ibadan inda aiki ya ajiye ni.

Ina zaune ne da iyalina a wani gidan haya mai sassa huɗu, a wata unguwa daura da jami'a. Ni kaɗai ne Bahaushe a cikin 'yan hayar, sai kuma maigadin layinmu, wani dattijo mutumin ƙasar Katsina wanda kowa ke kira Baba. Ya sauko kudu tun yana saurayi, ya zauna a Sabo, ya yi dako, ya bi fataken goro, da ƙarfi ya fara ja baya ya koma gadi. Kafin duk wannan kuwa, a ƙauyensu, mafarauci ne, ya san karnuka kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Wata safiya a cikin watan Yuni, bayan an kwana ana tafka ruwa irin na Ibadan, Baba ya yi sallama a ƙofata tun ban gama lazimi ba. Ya ce in zo in ga wani abu. Muka zaga bayan gida inda babbar kwata ta bi, sai ga kare kwance a gefen ruwan, rabin jikinsa cikin taɓo. Gashin jikinsa ya zube, fatar ta yi kauri ta tsattsage kamar bayan kada, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Bakin kunnuwansa biyu gyambo ne, ƙudaje sun yi dafifi a kai. Wasu yara 'yan makaranta sun tsaya daga nesa suna gwada saitinsu da tsakuwa, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. Baba ya daka musu tsawa suka watse, sannan ya nuna mini wuyan karen da sandarsa. Akwai guntuwar igiya da ta ci fata ta nutse a ciki.

"Malam, wannan ba karen bola ba ne," in ji Baba. "Dubi wuyansa. Ya yi wa wani gadi har ƙarfinsa ya ƙare, aka yanke igiya aka kora shi."

Na ce, "To Baba, me za mu yi masa?"

Ya ce, "Ruwa dai tukuna."

Ba mu taɓa shi da hannu ba, kuma ina roƙon duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali kada ya taɓa. Ciwon haukar kare ba abin wasa ba ne. Cuta ce da ke shiga jiki ta yawun dabbar da ta kamu, galibi ta hanyar cizo, ta bi jijiya har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, da dama daga cikinsu yara ne, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Wanda kare ya ciza, abin da ya kamace shi shi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan ya garzaya asibiti a yi masa allura. Saboda haka Baba ya tura masa ruwa a cikin wani fasasshen bokiti da bakin sanda. Da ya sha ya ɗan farfaɗo, sai ya ɗaure masa baki da tsumma cikin gwaninta irin ta mafarauta, muka mirgina shi a kan buhu, muka kai shi wani kango da ke bayan gida inda ake jibge tarkace.

Wahalar farko ba daga karen ta fito ba, daga mutane ta fito. Maiɗakina da ta ji labari sai ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, kare? A gidan da muke salla?" Mai gidan hayarmu, wata dattijuwa mai faɗa amma mai kirki, ta ce ta ba ni wata ɗaya, kuma ranar da ya ciji ɗan wani ko warinsa ya dami 'yan haya, ni da shi duka mu nemi wani wuri. Da labari ya kai Sabo, inda nake zuwa sallar Juma'a, sai abokai suka raɗa mini sabon suna, wai Malam mai kare.

Maganar maiɗakina ita ce ta fi nauyi, domin magana ce ta addini, kuma ta cancanci amsa ta addini. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, haka ma guminsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Shafi'iyya kuwa sun ɗauke shi najasa mai kauri. Amma malamai sun haɗu a kan halaccin ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, kamar yadda suka ƙi a ajiye shi a cikin ɗaki don nishaɗi kawai. Har ma ana ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da muka karanta a zaure, cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye.

Sai dai duk waɗannan ƙofofi na kare mai amfani ne, shi kuwa wannan da ke kwance a kango ba zai yi farauta ba, ba zai yi kiwo ba, ko ɓera ba zai iya kora ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, wato ta tausayi. Ita ce wadda ta zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, aka kuma sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. Wancan karen ma babu abin da ya yi wa mutumin, kuma babu abin da zai yi masa. Da wannan muka daidaita da maiɗakina bisa sharuɗɗa uku: ba zai shiga ɗaki ba, kwanoninsa daban, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa wani abu.

Kai shi asibitin dabbobi ma sai da ya zama aiki. Masu tasi uku suka ƙi ɗaukarmu, sai da ƙyar wani mai keke mai ƙafa uku ya yarda bayan na ninka masa kuɗi. Likitar da ta duba shi ta buɗe bakinsa ta nuna mini. Babban kare yana da haƙora 42, nasa kuwa fiye da rabi sun tafi, sauran sun cinye har kusa da dasashi, don haka ta ce ya haura shekara goma. Dasashin nan fari fat, alamar jini ya yi ƙaranci. Aka ɗora shi a ma'auni, kilo 11 kacal. Ta kankari fatarsa ta duba a madubin likita, ta ɗebi jini, sannan ta zaunar da ni ta jera mini abin da ke damunsa. Akwai ƙazuwa, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke haddasawa ta hanyar haƙa rami a cikin fata. Akwai zazzaɓin da kaska ke sa wa karnuka, wanda ke farfasa ƙwayoyin jini. Akwai tsutsar ciki. Idanunsa biyu sun yi yana, gaɓoɓin ƙafafunsa na baya kuma sun sandare.

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Malam, cikin waɗannan akwai waɗanda za mu warkar, akwai waɗanda sai dai a lallaɓa har iyakar kwanansa. Ka tabbata za ka iya kafin mu fara, domin fara jinya a yar a hanya ya fi rashin farawa muni." Kuɗin da na biya ran nan ya kusa kai kashi ɗaya cikin biyar na albashina.

Waɗanda ake iya warkarwa sun warke da sauri fiye da yadda na zata. An yi masa allurar ibamektin sau uku, mako biyu-biyu a tsakani, domin ƙazuwar. Wannan magani shi ne dai ake raba wa mutane da sunan Mectizan a ƙauyukan bakin kogi don maganin makantar da ƙudan kogi ke jawowa, kuma saboda gano shi ne William Campbell da Satoshi Omura suka sami kyautar Nobel a 2015. Baba ya so a shafe shi da baƙin man mota kamar yadda aka saba, likita ta hana, ta ce man yana ƙona fata, in kuma ya lasa ya zame masa guba. Baba ya yi ɗan gunaguni, amma da ya ga sabon gashi ya fara tsirowa ja-ja a mako na shida, sai ya ce lallai boko ma ta san wani abu. Da jikinsa ya yi ƙwari aka yi masa rigakafin haukar kare, aka kuma ce a maimaita kowace shekara. Rigakafin nan tsoho ne, tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara gwada irinsa a kan ɗan'adam, a nan gida kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa na karnuka. Abin takaici ne a ce cutar da aka san maganinta tun wancan zamani har yanzu tana cin rayuka.

A wannan lokaci ne Baba ya raɗa masa suna. Ya ce tun da ya fita daga kwatar nan da rai, to yana da sauran kwana, saboda haka sunansa Sauran-kwana. Yaran gida suka gajarta shi zuwa Saura.

Waɗanda sai dai a lallaɓa kuwa, su ne ainihin jinyar, kuma a nan na fahimci cewa tausayin da ke taso wa mutum a ƙirji sa'ad da ya ga abin tausayi ba ya wuce kwana uku. Abin da ke ɗaukar majinyaci bayan nan shi ne tsari, wato yin abu ɗaya a lokaci ɗaya kowace rana, ko ana so ko ba a so. Bayan sallar asuba nakan ɗora ruwa, in tsoma tsohon tawul a ciki, in gasa masa cinyoyi da gwiwoyi, domin in gari ya yi sanyi ba ya iya miƙewa sai an yi haka. Daga nan in tallafi ƙugunsa da zani, mu yi tafiyar da ba ta wuce daga kango zuwa gindin mangwaro, sau biyu ko uku. Likita ta gargaɗe ni da kakkausar murya kada in kuskura in ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen yana huda wa kare ciki ya lalata masa ƙoda, farasitamol kuma in ya yi yawa yana taɓa hanta. Nasa maganin daban ne, kuma da awo ake ba shi.

Abinci ma sai da na koyi sabon girki. Wanda ba shi da haƙora ba ya cin ƙashi, dafaffen ƙashin kaza kuwa ko mai haƙoran ma hatsari ne gare shi, domin yana tsagewa ya soki hanji. Albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, ga shi kuwa babu miyar da ake yi a gidajenmu ba tare da albasa ba. Don haka nakan karɓo huhu da tumbi da 'yan guntattakin nama wurin wani mahauci ɗan'uwanmu, a dafa su ba gishiri ba yaji, a jiƙa ƙanzo ko ragowar tuwo a cikin romon har ya yi laushi. Sau uku yake ci a rana, kaɗan-kaɗan. Cikin wata biyar ya kai kilo 17.

Damunar kudu tana da nata fitinar. Kaska ba ta ƙarewa, sai an bi kunnuwa da tsakanin yatsu ana cirewa duk bayan kwana biyu. Ƙudaje masu cizo sukan addabi bakin kunne, sai an riƙa shafa man basilin da maganin korarsu. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshi ko a kan tufafin da aka shanya, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Saboda shi ne mutanen nan ba sa sa tufafi sai an goge. In ya kama kare, sai a toshe bakin ƙurjin da basilin, tsutsar ta rasa iska ta leƙo, a matse ta ta fito. Rana ɗaya na cire wa Saura guda tara. Daga nan na daina barinsa ya kwanta a ƙasa, na samo masa katako na shimfiɗa buhu a kai, ana wanke buhun ana shanya shi a rana.

Makantarsa kuwa ta koya wa gidan gaba ɗaya ladabi. Da hanci yake gane hanya, kuma ya haddace inda komai yake: taki nawa ne daga shimfiɗarsa zuwa kwanon ruwa, ina turmi yake, ina igiyar shanya ta bi. Ranar da wani ya matsar da bokiti, sai ka ji ya yi karo da shi ya tsaya cik, yana rawar jiki. Saboda haka kowa ya koyi mayar da abu inda ya ɗauke shi, har 'ya'yan maƙwabta. Kafin a taɓa shi kuma sai an buga ƙafa a ƙasa ya ji motsi, don kada ya firgita. Mai gidan haya da ta ba ni wata ɗaya ba ta sake tayar da maganar ba. Daga baya ma ita ce ke aiko da ragowar shinkafa, maiɗakina ta wanke yajin ta zuba masa, tana yi tana cewa ita fa ba don shi take yi ba.

A watan Maris na 2020 aka rufe jami'o'i saboda annobar korona. Unguwarmu da ɗalibai ke raya ta ta yi tsit, masu sayar da abinci suka rufe, albashi ya yi ta jinkiri. A cikin wannan hali ne wani abokina, mutum mai hankali wanda nake girmamawa, ya dube ni ya ce, "Malam, mutane na kwana da yunwa kai kana sayen maganin kare. Wannan adalci ne?" Tambayar ba ta raini ba ce, kuma na daɗe ina juya ta. Gaskiya ne ɗan'adam ya fi kare daraja, kuma da za a ce loma ɗaya ce ta rage tsakanin yaro da kare, babu mai hankalin da zai yi shawara. Gaskiya ne kuma maganin yana cin kuɗi, ko da yake abincin nasa yawanci abin da za a zubar ne. Amma abin da idona ya gane mini shi ne, ban taɓa ganin wanda ya hana kare ruwa don ya kai wa mutum ba. Mahaucin da ke ajiye wa Saura huhu shi ne dai ke ba mabaratan Sabo nama ranar Juma'a. Yaran da suka koyi buga ƙafa kafin su taɓa makahon kare, su na gani suna riƙe wa wani makaho sanda yana tsallaka titi. Tausayi ba hatsi ba ne da in an auna wa wani mudu sai na wani ya ragu. Ya fi kama da rijiya, wadda in ana ɗiba take ƙara tsattsafowa, in an bar ta kuma ta ƙafe.

Da dare, Saura yakan lallaɓa ya bi bango har bakin layi inda Baba ke zama a kan benci da tocila da 'yar rediyonsa. Ya kwanta daf da ƙafafunsa, su kwana tare, tsoho mai gyangyaɗi da kare makaho, wai suna gadin unguwa. Wani lokaci cikin dare yakan ɗaga kai ya yi haushi sau ɗaya ko biyu da dusasshiyar murya, ba don ya ga komai ba, sai don kada a ce ya bar aiki. Wata rana na fito na same su haka, Baba ya yi dariya ya ce, "Malam, ni da shi sana'armu ɗaya. Bambancin kawai ni ba a yanke tawa igiyar ba tukuna." Na yi dariya tare da shi, amma maganar ta bi ni har ɗaki.

A ƙarshen 2021 maiɗakina ce ta fara lura cewa kwanon ruwansa yana ƙarewa sau uku a rana, fitsari kuma ya yawaita. Aka auna jini, likita ta ce ƙoda ce ta gaza, kuma wannan ba ya cikin waɗanda ake warkarwa. Aka rage masa nama, aka koya mini yadda zan riƙa sa masa ruwa a ƙarƙashin fatar wuya da allura. Ya ɗan samu sauƙi na 'yan makonni, sannan amai ya fara, ya daina sha'awar abinci, naman da muka tara masa a shekara biyu ya zube cikin wata guda. Da sanyin hunturu ya shigo, ƙafafun baya suka daina ɗaukarsa gaba ɗaya, sai an juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada ya yi gyambon kwanciya. Likita ta ce akwai allurar da za a yi masa ya yi barci ba tare da jin zafi ba, ba zai farka ba, kuma shawara tana hannuna.

Na kai maganar gaban wani malami a Sabo. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan irin wannan, kuma a cikin Muhtasar na Shehu Halil an halatta a kawo ƙarshen ran dabbar da ba a cin namanta idan an fid da tsammanin tashinta, don a hutar da ita. Hankalina ya kwanta ta wannan fuska, amma Baba ya ƙi. Ya ce Wanda Ya ba da rai Shi ke karɓar abinSa, kuma shi bai tsamo kare daga kwata don a kashe shi da allura ba. Ya faɗi haka da wani irin zafi da ban taɓa ji daga gare shi ba, har muryarsa tana rawa. Na fahimci cewa ba karen kaɗai yake karewa ba. Mutum ne da ya haura saba'in, ba shi da fansho, ba shi da gida a garin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, kuma yana sauraron yadda masu ƙarfi ke yanke hukunci a kan wanda amfaninsa ya ƙare. Saboda haka ban yi masa gardama ba. Na ce, "Baba, kai ka tsamo shi, kai ka raɗa masa suna. Ba za a yi komai ba sai da yardarka." Muka yi alkawari cewa muddin yana karɓar ruwa, za mu ci gaba.

Kwana goma sha ɗaya muka ƙara. A cikinsu Baba ya bar bencinsa ya dawo bakin kango da tabarmarsa, yana ɗiga masa ruwa a baki da cokali. A rana ta goma sha biyu, wata safiya mai hazo a cikin Janairun 2022, ya kawar da kai daga cokalin, numfashinsa ya koma nishi. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Malam, kira likita. Yanzu riƙe shi zalunci ne." Ta zo da hantsi. Baba ya zauna a ƙasa ya ɗora kan karen a kan ƙafarsa, yana shafa wuyan nan da igiya ta taɓa ci, yana yi masa irin kirarin da mafarauta ke yi wa karnukansu in sun dawo daga daji. Abin bai ɗauki minti biyu ba. Muka haƙa rami mai zurfi a gindin mangwaro muka binne shi, mai gidan haya tana tsaye daga nesa ta rufe baki da gefen zaninta.

Bayan wata uku, masu gidajen layinmu suka kira taro a kan tsaro. Aka ce Baba ya tsufa, yana barci a bakin aiki, gara a ɗauko matasa. Maganarsu tana kan hanya, domin kuwa yana barcin. Abin da na tashi na roƙa shi ne kada a sallami mutumin da ya yi shekaru yana kwana a waje don mu kwana a ciki kamar yadda ake yar da tsohon takalmi. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka yarda kowane gida ya kawo wani abu. Abin da aka tara ya isa kuɗin mota da ɗan jarin da zai fara sayar da goro a ƙofar gida, bai kai hakkinsa ba, amma ya fi sallama da baki. Bayan ƙaramar salla na raka shi tasha ya hau motar arewa.

Ba ina kira ga mai karatu ya tafi neman karnukan bola ya tara a gida ba ne. Jinya irin wannan tana son wuri, da kuɗi, da haƙurin iyali, kuma ba kowa Allah Ya hore wa ba. Amma akwai abin da kowa zai iya. Wanda ya ajiye kare don gadi ya yi masa rigakafi kowace shekara, ya kuma sani cewa ya ɗauki amanarsa har tsufansa. Wanda ya ga yara suna jifan dabba ya tsawata musu, domin hannun da ya saba da jifan marar ƙarfi ba a kan kare zai tsaya ba. Ɗalibanmu kuma, waɗanda gobe za su zama masu gida da masu ofis, su dubi tsofaffin da ke buɗe musu ƙofa, da masu share musu azuzuwa, da iyayen da suka baro a gida, su tambayi kansu tun yanzu wane tanadi suka yi wa ranar da waɗannan mutane ba za su iya tsinana musu komai ba. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya haɗa mu da masu jinƙanmu a lokacin da ƙarfinmu ya ƙare.